Furen Biki Da Ya Wuce Kwana Ɗaya: Abubuwan Ban Mamaki A Taƙaice

Fure kusan duk jikinsa ruwa ne. In ka tsinko furen wardi da safe ka aza a sikeli, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, shi ya sa kafin la'asar ya langaɓe, kafin kwana uku ya soma ruɓa. Duk wata dabarar adana furen biki, tun daga ta mutanen dauri har zuwa ta masu shaguna a yau, abu guda take nema: a raba furen da ruwansa kafin fumfuna ta riga mutum. Mutane a ƙasashe da dama sun ƙi yarda furen da suka shuka da hannunsu ya bi shara washegarin biki, kuma abin da suka yi da shi ya cancanci a ji.

Kambin da ya shekara dubu uku

Da Howard Carter da mutanensa suka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda suka gano a watan Nuwamba na 1922, sun tarar da zinariya iya ganin ido. Amma a goshin akwatin gawar akwai wani ɗan ƙaramin kambi na ganyen zaitun da furanni, ya bushe ƙayau, bai kuwa wargaje ba bayan shekara fiye da 3,000. Wani masani mai suna Percy Newberry ya duba irin furannin da aka samu a kabarin, ya ce an binne sarkin tsakanin tsakiyar Maris da ƙarshen Afrilu, domin a lokacin ne suke buɗewa a Masar. Ba a shafa musu wani magani ba. Busasshiyar iska da duhu ne suka riƙe su.

Wannan busasshiyar iskar muna da ita kyauta. A tsakiyar hunturu, damshin iska a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali a Agusta yakan haura 70. Damin furen da Bature zai rataye a ɗakinsa ya jira mako uku, a nan da hunturu 'yan kwanaki sun ishe shi. A ɗaure ƙananan dami, a rataye kansu a ƙasa a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, a yafa musu siririn mayafi saboda ƙura. Bikin damina ne ke da wuyar sha'ani.

Littafi mai nauyi

A jami'a aka fara danne fure cikin takarda. Luca Ghini, likita kuma malamin tsirrai a Italiya, wanda ya kafa lambun nazarin tsirrai na birnin Pisa wajen 1544, shi ake dangantawa da fara busar da tsiro tsakanin takardu a manna shi a shafi, domin ɗalibai su samu abin karatu da sanyi, lokacin da babu ko fure ɗaya a waje. Almajirinsa Ulisse Aldrovandi ya fara nasa tarin a 1551. Har yau tarin yana Jami'ar Bologna, tsirrai sama da 5,000, kuma masana na zamaninmu na buɗe shi su gwada abin da ke tsirowa a yankin yanzu da abin da ke tsirowa shekara kusan 500 da suka wuce.

Emily Dickinson, marubuciyar waƙoƙin nan ta Amurka, tana yarinya ta danne tsirrai 424 a kundi guda, yawancinsu daga lambun gidansu da filayen garinsu. Kundin yana ɗakin karatu na Jami'ar Harvard. Gimbiya Grace ta Monako kuwa, da furannin da ta danne ta riƙa haɗa hotuna, har aka baje kolinsu a Paris a 1977.

Aikin ba ya cin ko kwabo. A tsinki furen da hantsi bayan raɓa ta tashi, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a sa a cikin littafi, a ɗora masa nauyi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a manta da shi: a kwanakin farko takardar na shan ruwa, in ba a sauya ta ba bayan kwana biyu ko uku, furen sai ya yi baƙi. Mako biyu zuwa huɗu ya gama. Wardi yana da kauri, don haka a tsaga shi biyu da reza, ko a zare fallayensa a danne su ɗaiɗai.

Wanda yake son furen ya tsaya da surarsa, kada ya baje, sai ya binne shi. Tun a ƙarni na 17 wani malami ɗan Italiya, Giovanni Battista Ferrari, ya rubuta yadda ake busar da fure a cikin rairayi. A wanke rairayin sarai, a shanya ya bushe, a tankaɗe, sannan a riƙa barbaɗa shi a hankali har ya shiga tsakanin fallaye ya rufe furen. Bayan mako biyu ko uku a karkata kwanon a tsiyaye.

Ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jakar lefe, waɗanda aka rubuta kada a ci, silika ce. Tana iya shan ruwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta, tana busar da wardi cikin mako guda ko ƙasa da haka, kuma ta fi rairayi tsare launi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da ita a takunkumin kare sojoji daga iskar guba. In ta ƙoshi da ruwa, a gasa ta a wuta marar ƙarfi, ta koma sabuwa. A dai nisanta ta da yara.

Launi yana da halinsa. Jan wardi in ya bushe yakan koma kusan baƙi, fari yakan koma ruwan ƙasa, ruwan hoda da ruwan goro da rawaya su suka fi fita kunya. Duk cikinsu babu mai jure hasken rana kai tsaye. A rataye hoton a bangon da rana ba ta dukansa.

Matar da ta yi shigar maza

Furen nan da ke lulluɓe katangun gidaje a Kano, Kaduna da Yamai, mai launin shanshanbale ko ja ko fari, wanda ake kira bugenbiliya, abin da muke gani mai launi a jikinsa ganye ne da ya rikiɗa. Furen ainihi shi ne ɗan farin nan ƙarami da ke tsakiya. Wannan ne ya sa yake bushewa salin-alin, kuma a cikin duk abin da ke tsakar gidajenmu babu wanda ya kai shi sauƙin dannewa. Asalinsa Amurka ta Kudu. An sa masa sunan Louis Antoine de Bougainville, jagoran jiragen ruwan Faransa da suka kewaya duniya daga 1766 zuwa 1769, amma masu tattara tsirrai a tafiyar su ne Philibert Commerson da mataimakiyarsa Jeanne Baret, kuma a Rio de Janeiro suka ɗebo shi a 1767. Dokar sojan ruwan Faransa ta hana mata shiga jirgi, sai Jeanne ta ɗaure ƙirji ta yi shigar maza. Ita ce mace ta farko da aka sani ta kewaya duniya.

A madafinmu ma akwai busassun furanni, ba mu dai kallonsu haka. Kanumfari tohon fure ne da aka tsinka kafin ya buɗe aka shanya. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunusiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da shi. Zoɓo kuwa ƙoƙon furen yakuwa ne, wanda ke kumbura bayan furen ya faɗi, kuma daga Jigawa, Kano da Katsina ake loda shi har Meziko. Uwar da ta iya shanya zoɓo ya fito da jansa, ta riga ta iya rabin wannan sana'a.

Reshen da ya auri sarauta

A nan zan ɗan daɗe, domin labarin ya fi sauran burge ni. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta auri Yarima Albert, kuma maimakon kambin lu'ulu'u sai ta ɗora kambin furen lemu. Furen lemu ba ya kwana. Albert ya san haka, sai ya sa aka ƙera mata irinsa da tangaran da zinariya, yana ba ta guntu-guntu daga 1839 har 1846. A kambin ƙarshe an maƙala ƙananan lemu kore guda huɗu, a madadin 'ya'yansu huɗu na farko.

Amma abin da ya fi daɗewa ba na zinariyar ba ne. A 1845 suka kai ziyara Gotha a Jamus, kakar Albert ta ba Biktoriya ɗan damin furanni, a ciki akwai reshen mirtil, wata shuka mai ƙananan ganye masu ƙanshi da fararen furanni. Aka dasa reshen a gidansu na Osborne da ke tsibirin Wight, ya kama. Da babbar 'yarsu ta yi aure a 1858, aka yanko reshe daga wannan shuka aka sa a daminta. Daga nan abin ya zama gado ga amaren gidan sarautar Ingila: Elizabeth ta Biyu a 1947, Diana a 1981, Catherine a 2011, Meghan a 2018, kowacce da mirtil a hannu. A damin Catherine reshe iri biyu ne, ɗaya daga Osborne, ɗaya daga shukar da aka raya da mirtil ɗin damin 1947. Kyautar da kaka ta miƙa wa matar jikanta tana nan da rai bayan shekara 180, ba tare da gilashi ko magani ba. Ƙasa kawai aka ba ta, da ruwa.

Wannan kuwa kowa na iya yi. Wardi, yasmin, lalle da bugenbiliya duk suna kamawa daga reshe. A yanki mai tsawon taƙi, a zage ganyen ƙasa, a soka a tukunya mai rairayi da taki, a ajiye a inuwa. Amarya ta tafi da shi ɗakinta tare da kayan jere.

Mu koma gidan sarautar. A jajibirin bikinsa da Meghan a 2018, Yarima Harry da kansa ya shiga lambunsu na Fadar Kensington ya tsinko furanni aka haɗa a damin amaryarsa, ciki har da irin wanda mahaifiyarsa Diana ta fi so. Damin bai zauna a gida ba. An kai shi kabarin Sojan Da Ba A San Sunansa Ba a majami'ar Westminster, al'adar da ta faro a 1923, lokacin da amarya Elizabeth Bowes-Lyon ta ajiye nata a wurin saboda tunawa da yayanta Fergus, wanda aka kashe a yaƙin Loos a 1915.

Riƙe dami ba al'adarmu ba ce. Namu ƙunshi ne, da turaren wuta, da humra, da lefe. Amma dina ta shigo, ta shigo da daminta, kuma abin da nake gani a yawancin zaurukan biki furen roba ne na haya, wanda aka riƙe a bikin wata makon jiya, za a riƙe a na wata makon gobe. Abin yana taɓa mini rai, domin tsakanin sa rana da ɗaurin aure sau da yawa akwai watanni, ziniya kuwa da marigol wata biyu ke kai su fure daga iri. Uwa ko gwaggo ko ƙanwar amarya za ta iya shuka su a tsofaffin bokitai ranar da aka sa rana, ta ba su ruwan alwala, ranar biki ta tsinko ta damƙa wa 'yarta abin da babu mai irinsa.

Ƙarƙashin gilashi

Faransawa na da wata al'ada da ta yi tashe daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Bayan biki sai a ɗora kambin amarya a kan ɗan matashin karan-miski, a kewaye shi da ƙananan madubai da ganyayen tagulla, a kife da ƙoƙon gilashi, a ajiye a wuri mafi daraja a gidan. A wasu yankuna yawan madubai na nuna shekarun da aka yi ana neman aure, wasu kuma 'ya'yan da ake fata. Gilashin ba ya rufuwa ke nan: in an haihu a ƙara silin gashin jariri, in miji ya dawo daga yaƙi a ƙara lambarsa.

Girkawa na ɗora wa ango da amarya kambi biyu da aka haɗe da zare guda, daga baya a sa su a akwati mai fuskar gilashi a rataye a ɗakin kwana. 'Yan matan Jamus na dā kan raini mirtil a tukunya a bakin taga domin kambin aurensu. In aure ya shekara 25 a yi wa matar na azurfa, in ya kai 50 na zinariya. A Lituweniya budurwa na da ɗan lambunta na wata shuka mai suna ruta, daga nan ake yanko kambinta.

Yayin da ake yi yanzu shi ne a zuba busasshen fure a cikin wani ruwan roba mai haske da ke daskarewa, a yi ɗan kunne, ko abin wuya, ko faranti. Itace ya riga mu yin haka. Akwai wani fure mai faɗin milimita 28 da ƙaron bishiya ya rufe a yankin tekun Baltik, masana sun ƙiyasta shekarunsa miliyan 34 zuwa 38, kuma shi ne fure mafi girma da aka samu a irin wannan daskararren ƙaro. An fara bayaninsa a 1872. Da aka ciro ƙurar furen daga cikinsa aka gane an yi kuskuren danginsa, a 2023 aka sauya masa suna. Mai son gwada ruwan robar ya kiyaye abu uku: furen ya bushe sarai, in ba haka ba zai ruɓe a ciki kana kallo, a zuba kaɗan-kaɗan domin yana ɗaukar zafi in zai daskare, a sa safar hannu a yi a sarari.

Ƙaron dakwara namu, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Najeriya na biye, ya ishi manna danannen fure a takarda. Da shi ma ake shafe fallayen fure a barbaɗe da sukari su bushe su yi watanni.

Carbi, turare da abin lasa

A gidan ibada na Miraflores da ke Burgos a Sifen, masu zuhudu na yin carbi da fallayen wardi. Ana niƙa fallayen, a dafa a hankali har su zama ƙulli, a mulmula, a huda da allura tun da ɗanyensu. In sun bushe sukan ragu kusan rabi, su yi tauri, kuma ɗumin hannu na tayar da ƙanshinsu. In a tukunyar ƙarfe aka dafa sai su fito baƙaƙe wuluk. Ruwa ne kaɗai abokin gabansu.

Ƙanshi ya fi komai tsada wajen kamawa. A Kwarin Wardi na Bulgeriya sai an tara kilo 3,000 zuwa 4,000 na fallaye kafin a samu kilo ɗaya na man wardi. Alhazai sun san wardin Ɗa'ifa, wanda ake tsinka da asuba a wajen watan Afrilu, kuma da turarensa ake haɗa ruwan Zamzam a wanke ɗakin Ka'aba. A Nabul ta Tunisiya, in Maris ya kama, mata na turara furen lemu mai ɗaci a gidajensu su cika kwalabe da ruwansa, na shekara guda, da shi ake yayyafa wa baƙi a biki. A Lamu, Mombasa da Zanzibar ana ɗaure yasmin da wardi da wasu furanni masu ƙanshi a maƙala wa amarya, a kuma watsa yasmin a gadonta.

Mu ganyen lalle muka sani, mun bar furensa yana zuba a ƙasa, alhali a Indiya turare ake yi da shi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen lalle da magariba lokacin da yake fure ya san dalili. A jiƙa furen a mai marar wari, a tace, a sake zuba sabo kullum har man ya ɗauka. Mai haɗa humrar amarya za ta san inda za ta kai shi.

A Indiya da Pakistan ana jera fallayen wardi da sukari hawa-hawa a kwalba, a bar wa rana makonni, ya zama abin lasa da suke kira gulkand. A Japan furen ceri ake jiƙawa da gishiri, ranar baiko ko biki a jefa ɗaya a kofin ruwan zafi, ya sake buɗewa a gaban baƙo. Irin wannan sai da furen gida, domin na kanti an fesa masa maganin ƙwari. Ba kuma kowane fure ake kai wa baki ba. Kariya, da kyanta da komai, ruwan jikinta guba ne, har dafin kibiya aka yi da shi.

Ana iya buga fure a jikin ƙyalle ma. A jiƙa farin yadin auduga a ruwan alif, a shanya, a jera furanni a kai, a rufe da wani ƙyallen, a bi da guduma a hankali kamar masu bugu na gyara shadda. Launin da surar furen sai su zauna a yadin. Ba ya son yawan wanki, ya fi dacewa a sa shi a firam.

Bayan an gama, sauran ƙwari. Manyan ɗakunan adana tsirrai na dā da guba suke shafe kayansu. Yau daskarar da su suke yi. A sa busasshen furen a leda a ɗaure, ya yi kamar mako guda a firiza, sannan a bar shi ya huce kafin a kwance, don kada ya yi gumi. Inda wuta ba ta zama, a zuba busasshen ganyen darbejiya da 'yan ƙwayoyin kanumfari a akwatin, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a kuma leƙa shi a farkon damina da ƙarshenta. A bayan takardar a rubuta sunan ango da amarya, da ranar ɗaurin aure, da sunan wadda ta shuka furen da gidan da ya tsiro. Da fensir za a rubuta, tawadar biro takan koɗe.